Ku Tambayi Baba: Zawan ne ko ciyawa?

TAMBAYA

Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ni manomi ne a wani ƙauye na yankin Kura. Da damina gero da dawa nake yi, da rani kuma alkama da ruwan Tiga. Tun da babanmu ya rasu bara na gaji al'adarsa ta karatu da asuba kafin a fita gona, kuma littafi biyu nake buɗewa: tsohon Littafi Mai Tsarkinsa da bango ya kusa rabuwa da shi, da nawa da aka ba ni ranar baftisma. A Matiyu 13:24-30, nasa ya ce magabci ya shuka "zawan" a cikin alkama, nawa ya ce "ciyawa". Na tambayi tsofaffi uku, ba wanda ya san zawan. In kuwa ciyawa ce, Baba, wane manomi ne zai hana barorinsa cire ciyawa har girbi? Ko yaro ya san gonar ta tashi aiki ke nan. Wanne ne daidai? Mai ɗakina ta ce in sa tsohon a akwati in huta.

Ɗanka, daga yankin Kura

AMSA

Ɗana, Ubangiji ya ta'azantar da ku bisa rashin baba. Ka gaishe mini da mai ɗakin naka, ka ce mata Baba ya roƙi arziki, a bar littafin nan a waje. Ba don shi ba da ka wuce ayar nan kamar yadda dubban mutane suke wuce ta, ba ka tsaya ba.

Gaskiyarka ce, ba manomin da yake barin ciyawa har girbi. Mu da muka tashi a ƙasar Sumaila, wanda ya makara da noman fari ma sai an yi da shi a dandali, balle wanda ya ƙi maimai. Mutanen da Yesu ya yi wa wannan misali a bakin Tekun Galili su ma manoma ne da masunta. Da ciyawar da ka sani yake nufi, da sun dubi juna. Ba su duba ba, domin sun san tsiron da yake magana a kai.

Da Helenanci aka rubuta Matiyu, kalmar da ke wurin kuwa ita ce "zizaniya". A duk Sabon Alkawari ba ta fito ko'ina ba sai a wannan sura ta 13, sau 8. Ba sunan kowace ciyawa ba ne, sunan tsiro guda ne da yake bin gonakin alkama a Falasɗinu da Sham da kewayensu. Larabawa suna ce masa zawan har yau, haka kuma yake a fassarar Larabci ta 1865. Littafin babanka, tunda ka ga zawan a ciki, fassarar 1932 ce, wadda Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalarta. In ka duba kan shafin za ka ga "Matta" aka rubuta, ba "Matiyu" ba. A ganina da suka nemi sunan tsiron a Hausa suka rasa, sai suka miƙa hannu ga Larabci, kamar yadda Hausa ta saba yi tun kaka da kakanni. Naka kuwa fassarar 1979 ce. Su sun yi tunanin tsohuwar da take zaune a bencin majami'a ana karantawa tana ji, ba ta da wanda za ta tambaya, sai suka sa kalmar da za ta gane nan take.

To, mene ne zawan? Yana tsirowa tare da alkama, ganyensa kamar nata, tsayinsa kamar nata, launinsa kamar nata. Kana iya ratsa gonar safe da yamma ba ka raba su ba. Sai an fid da kai asirinsa yake tonuwa, domin zangarniyarsa siririya ce, ƙwayarsa ƙanana. Ƙwayar nan kuma tana ɗauke da wata irin fumfuna mai guba. In ta shiga gari da yawa aka ci, sai jiri da amai da ganin dishi-dishi, mutum yana tangaɗi kamar wanda ya sha ya yi tatil. Shi ya sa ma sunan da masana tsirrai suka ba shi da Latin, Lolium temulentum, kashinsa na biyu "buguwa" yake nufi. Kamarsa da alkama ta kai har malaman Yahudawa, a kundin hukunce-hukuncensu da aka tattara wajen shekara ta 200, suka ce game da dokar hana garwaya iri biyu a gona ɗaya (Littafin Firistoci 19:19), alkama da wannan tsiro, da suke kira zunin, ba a lasafta su iri biyu.

Yanzu koma littafinka, naka ba na baba ba, ka karanta aya 26 a hankali. Yaushe barorin suka ga abin? Ba da tsiro ya fito ba. Sai da shukar ta girma ta fid da kai. Wace ciyawa ce kai da kake ban ruwa fangali bayan fangali ba za ka gan ta ba sai alkama ta yi kai? Ka ga ko ba ka san Helenanci ba, ayar da kanta tana raɗa maka cewa wannan ba ciyawar da ka sani ba ce. Na daɗe ina faɗa wa ɗalibaina, kafin a ruga neman babban littafin sharhi, a fara tambayar ayar da ke maƙwabtaka da wadda ta dame ka.

Muna da abin da ya yi kusa da shi a gonakinmu, kuma na tabbata ka riga ni tunawa: shibra. Ina ɗan shekara goma mahaifina ya tsayar da ni a gonar gero ya ce in nuna masa shibra. Na nuna, ya ce gero ne. Na sake nunawa, ya ce gero ne. Sa'an nan ya ce shi ma da furfurarsa akwai wadda ba ya rantsuwa a kanta sai ta fid da kai. Ita ce take shan taki da gero, ta yi kore shar, ran da aka zo girbi a tarar kanta ya kakkaɓe a ƙasa, ta bar maka irin baɗi. Sai dai kada ka ja kwatancin ya wuce iyakarsa. Shibra ta gero ce, kuma ba ta sa jiri. Zawan na alkama ne, kuma yana cutarwa.

Sai maganar tumɓukewa, wadda ita ce zuciyar tambayarka. A Galili ba dam ba kwata, ruwan sama ake jira, kuma nasu da sanyi yake sauka. Sukan yi shuka wajen Nuwamba, kusan lokacin da ku ma kuke zuba taku da hunturu, su girbe alkama wajen Mayu zuwa Yuni. Yafi suke yi, ba rami-rami ba, don haka shuka a cakuɗe take. Kafin a kai ga gane zawan, saiwarsa ta riga ta sarƙe da ta alkama a ƙarƙashin ƙasa. Ka ja ɗaya, biyu su biyo shi, a daidai lokacin da alkama take cika ƙwaya. Maigidan da ya ce a bari ba rago ba ne, ba kuma wanda bai san noma ba. Ya auna asara biyu ne ya ɗauki ƙarama. A ranar girbi kuwa kowa ya ga bambanci da ido, a ɗaure wannan dami-dami a kai wuta, a kai wancan rumbu.

Kada kuma ka ɗauka zancen magabcin nan ƙirƙira ce. A kundin dokokin Romawa da Sarki Jastiniyan ya sa aka tattara a 533, akwai hukuncin wani masanin shari'a na ƙarni na 2 a kan mutumin da ya watsa wannan tsiro a gonar wani ya lalata masa amfani: mai gona yana da ikon kai ƙara. Ba a yi wa abin da ba ya faruwa doka. Mugunta ce da aka sani, irin ta wanda zai saki shanu a gonarka da tsakar dare.

Wanne ne daidai ke nan? Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Zawan ciyawa ce, amma ba kowace ciyawa ce zawan ba. Na 1932 ya riƙe ainihin tsiron, ya bar ka kana yawon tambayar tsofaffi. Na 1979 ya shiga kunne, amma ya zubar da kamannin nan da misalin ya tsaya a kai. In ka matsa mini, a wannan aya tsohon ya fi kusa. A wasu wurare kuwa, musamman wasiƙun Bulus, za ka gode wa Allah da sabon, domin Hausar tsohon tana da nauyi. In kana da waya mai intanet, akwai kuma wata fassarar Hausa mai suna Sabon Rai Don Kowa, ka buɗe ka ga su me suka zaɓa. Duk inda ka ga fassara biyu sun rabu, akasari akwai wata kalma a ƙasa da ta fi ƙarfin kalmar Hausa guda. Wurin tsayawa ne a yi tono.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma na san can zancen zai kai ka. Tunda alkama da zawan a misalin nan mutane ne, kuma an ce a bar su tare har girbi, wani zai ce, ashe ke nan ba horo a ikilisiya? Wannan gardama tsohuwa ce, kuma a Afirka aka fi zafafa ta. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya kafa hujja da wannan misali a kan 'yan Donatus, masu cewa ikilisiya sai tsarkaka zalla. Su kuma suka ce masa ya duba aya 38, gonar ai duniya ce, ba ikilisiya ba. Har taro aka yi a kai a birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, a 411. Ni dai abin da na gani shi ne, Matiyun nan da ya rubuta sura 13 shi ya rubuta 18:15-17, inda aka ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka same shi ku biyu, sa'an nan da shaidu, sa'an nan ikilisiya. Laifin da ya fito fili ana tsauta masa. Abin da aka hana barori shi ne yanke wa mutum hukuncin ƙarshe tun yana ganye.

Wannan ban koye shi a aji ba. Shekarata ta biyu da aka tura ni aikin bishara wani ƙauye, aka kawo mini jita-jita a kan wani saurayi, wai har yanzu yana zuwa wurin boka. Ban same shi mu biyu ba. Na tsaya ranar Lahadi na sa shi a horo a gaban jama'a, ina ganin kishin gidan Allah nake yi. Bai ce uffan ba, ya ɗauki hularsa ya fita. Mako na gaba mahaifiyarsa ba ta zo ba, ita da take riga kowa share majami'a. Bayan wata guda ƙannensa mata biyu suka bar zuwa ajin baftisma. Har na bar ƙauyen ban tabbatar ko maganar gaskiya ce ba, kuma ba ɗayansu da ya dawo. Fiye da shekara arba'in ke nan, duk lokacin da na kai aya 29 sai na ga bayan yaron nan a ƙofa. Ina yi musu addu'a da sunayensu har yau.

Game da littafin baba, in ka shiga Kano ka kai shi wurin masu ɗinkin littattafai su ɗinke shi su sa masa sabon bango, ka ja musu kunne kada su datse gefen takardun, domin tsofaffinmu a nan suke rubuta abin da suka gano. A addu'ar iyali ka riƙa karanta naka don yara su ji, na baba yana buɗe a gefe. Ka kuma samu fensir ka rubuta a gefen aya 25 ta littafinka: "zawan, mai kama da alkama kamar shibra da gero, duba aya 26." Ka sake rubuto mini bayan girbi, ina so in ji yadda alkamar bana ta yi.