Ina tsoron gwajin jini kafin aure, ya zan yi?

Ɗan'uwa, idan na fahimce ka, an kusa sa muku rana, kai AS ne (wato kana ɗauke da gadon sikila a jininka amma ba ka da ciwon), kuma kana ta ɗage zuwa gwaji don kada ita ma ta fito AS.

Na taɓa shiga wannan hali. Wata uku ina kewaye-kewaye, har wani abokina ya ce min: "Jininku ba jiran ka yake ba, abin da ke ciki yana ciki. Tsoronka jinkiri kawai yake ƙarawa, wahalar kuma yaro ne zai sha." Maganar ta yi min zafi, amma washegari muka je.

Ga lissafin: AS da AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo da sikila. Kowane ciki fa! Mutane kan ɗauka ɗa ɗaya ne cikin huɗu, alhali ana iya jera biyu ko uku. A Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwajin kafin ɗaurin aure.

Kada ka bari sai an kai lefe, lokacin janyewa ta yi nauyi. Kada ka kuskura ka sayi takardar bogi, ko ka turo iyaye su tambaye ta a madadinka. Kai za ka yi mata maganar da bakinka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku je babban asibiti tare. Idan sakamakon ya saɓa da wanda kuka sani a baya, a sake. In duk ku biyun AS ne, ku zauna da likitan jini kafin ku yanke shawara.