Ga ƙanena mai son zuwa aikin duba rediyon jirgin ruwa

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce kana da difloma a fannin lantarki, ka iya gyaran waya, in nemo maka gurbi a inda nake tunda aikin "danna maɓalli ne a sa hannu". Wannan maganar ta ƙarshe ta ɓata min rai matuƙa, ban san wanda ya faɗa maka ita ba.

Abin da muke dubawa shi ne tsarin GMDSS, wato tsarin sadarwar neman agaji da kiyaye lafiyar jirage a teku, wanda ya kankama gaba ɗaya ranar 1 ga Fabrairun 1999 a ƙarƙashin babi na 4 na yarjejeniyar SOLAS ta kare rayuka a teku. Jirgin fasinja da jirgin kaya mai tan 300 zuwa sama, muddin suna zirga-zirga tsakanin ƙasashe, sai an duba kayan sadarwarsu duk shekara. Za ka gwada rediyon VHF a tasha ta 16, kiran DSC (kiran dijital na neman agaji) a ta 70, ka tabbatar NAVTEX, na'urar gargaɗin yanayi da haɗarin hanya, na karɓar saƙo a mita 518 kHz, sannan ka katse wutar jirgi ka ga ko batiran ajiya za su riƙe kayan. Wannan duk ana koyonsa, ba shi ne damuwata ba.

Damuwata EPIRB ce. 'Yar na'ura ce da ke zaune a waje kusa da ɗakin tuƙi, rana da gishirin teku suna cin akwatinta shekara da shekaru. Idan jirgi ya nutse, makullin da ke riƙe da ita zai sake ta kafin a kai zurfin mita 4, ta taso saman ruwa ta aika wa taurarin ɗan adam na Cospas-Sarsat kiran neman agaji a 406 MHz. Makullin nan shekara biyu yake yi ya mutu. Na sha buɗe akwati in tarar da wa'adinsa ya wuce, ko an ɗaure na'urar da igiya wai kada a sace ta. Na taɓa karanta lambar da ke cikin wata, sai ga ta da tsohuwar MMSI, wato lambar shaidar jirgi a rediyo, alhali jirgin ya canja suna da tuta. Da sun shiga hatsari, masu ceto wani jirgi daban za su tafi nema. Kuma idan ka yi gwaji da ganganci, kiran gaske ne zai tafi, a tayar da masu ceto a banza.

Ranar da ka ƙi sa hannu za ka san aikin da ka shiga. Kyaftin yana son tashi kafin ruwa ya janye, wakilin jirgi yana ta buga maka waya, kowa na cewa ka sa hannu za su gyara a tasha ta gaba. Akwai wanda ya dube ni sama da ƙasa ya ce a turo masa injiniya na gaske, har ya kai ƙarata wurin shugabana. Ban sa hannu ba sai da aka kawo sabon makulli aka ɗaura a gabana. Yau kamfanin jirgin nan da sunana yake neman a turo ni, kuma wallahi ba wanda ya ɗauke ni a kafaɗa na kai nan.

Maganar gurbi kuwa, ba ni da ikon ba ka. Kamfani ba ya tura mutum jirgi sai wata hukumar tantance jirage irin DNV ko Lloyd's Register ta amince da shi, su kuma takardu suke dubawa da shekarun aiki a ƙarƙashin wani. Ka nemi takardar GOC tukuna, wato shaidar iya sarrafa kayan GMDSS, ka gyara Turancinka har ka iya musu da kyaftin ba tare da muryarka ta rawa ba. Duk dillalin da ya ce ka biya shi ya samo maka biza da wannan aikin, kuɗinka yake so.

Ka kuma tambayi kanka ko za ka iya hawa dogon turken jirgi da asuba cikin hunturu, iska tana kaɗa ka, yatsunka sun ƙandare, kana kwance eriya. Idan ka samu GOC ɗin, turo min hotonta mu san inda za mu dosa.