Zangon Damagaram: me ya raba shi da Birni?

Tambaya: Aiki ya kawo ni Zinder, wato Damagaram, an nuna mini wani tsohon gidan ƙasa na haya a Zango. Me ya sa ake maganar Zango da Birni kamar garuruwa biyu, kuma me zan duba kafin in tare?

Amsa: Ai da can garuruwa biyu ne, da fili tsakaninsu. Birni wurin sarauta ne, can fada take, kuma Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye shi da ganuwa. Zango kuwa a arewa yake, bayan ganuwa, masaukin ayari. Buzayen Azbin kan sauke raƙumansu nan da gishirin Bilma da dabino, fataken Ghat da Tarabulus su sayi fatu da gashin jimina da turkuɗin Kano, har da bayi, abin da ba a cika son faɗa ba yanzu. Hikimar sarakuna ce: baƙo mai takobi ya kwana waje, harajinsa ya shigo ciki. A haka bukkokin baƙi suka zama soraye, attajirai irin su Malam Yaro suka yi suna.

Bayan kashe hafsan sojan Faransa Kyaftin Cazemajou a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, Faransawa suka ci garin a 1899, suka kafa barikinsu tsakanin unguwannin biyu. Zinder ta zama hedikwatar Nijar daga 1911 zuwa 1926. Amma abin da ya karya cinikin hamada shi ne isowar jirgin ƙasa Kano, sai 'yan Zango suka juya fuska kudu, suka kama gyaɗa da fata. Filin nan na tsakani ya cike da gidaje tuni, sai dai har yau ɗan Birni da asali yake taƙama, ɗan Zango da kasuwa.

To batun gida. Kada zanen ƙofa da zankwaye su ruɗe ka, fara hawa rufi. Duba indararo: in ya toshe ko ya yi gajarta, ruwa bango yake bi, ya cinye gindinsa. Daga ciki ka ƙwanƙwasa azara a daidai inda ta shiga bango, don nan take ruɓewa in laima ta daɗe, gara kuma ta samu hanya. Azara ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kamar mita 2 sai da baka, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, saboda haka babban ɗakin da rufinsa ya lotsa a tsakiya, ƙyale shi.

Babbar ɓarnar zamani ita ce shafen siminti a kan tubali. Siminti ba ya kama ƙasa, ya tsage, ruwa ya shiga baya ya kasa fita. Buga shi da hannu. In ya yi amo kamar ganga, bangon ya rabu da shi. Yaɓen ƙasa da makuba ya fi, amma sai an sabunta kafin damina, wato kafin watan Yuni. Ku yi magana da mai gida a gaban mai unguwa kan wanda zai biya wannan yaɓe.

Sai ruwa. Zinder kan dutse take, rijiya ba ta da tabbas, famfo kuma yakan ɗauke da bazara. Maƙwabta za ka tambaya, ba dillali ba, yaushe ruwa ke zuwa layin da nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka a watan Afrilu.