Yadda ake buɗe kwalbar wain in babu mabuɗinta

Tambaya: Salam, dan Allah an ba ni kyautar kwalbar wain irin mai toshiyar itacen nan a wuya, kuma ba ni da ƙarfen nan mai nannaɗe da ake zaro ta da shi. Na gwada da wuƙa sai toshiyar ta fara marmashewa. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin komai dan Allah ki ajiye wuƙar nan, dan in ta zame hannun da ke riƙe da wuyan kwalbar za ta fara samu.

Ita toshiyar ɓawon wata bishiya ce, kusan rabin wanda ake amfani da shi a duniya daga Fotugal yake fitowa. Faɗinta kamar milimita 24 ne, bakin kwalbar kuma bai kai 19 ba, inji ne ke matse ta ya cusa sai ta kumbura ta kama gilashin gam, shi ya sa in kin tsokale ta daga sama sai dai ta yi ta ɓarewa ba za ta motsa ba.

Ni dai hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta sukuru. Ki cire takardar da aka naɗe bakin da ita, ki samo dogon sukuru mai manyan zare irin na katako, ki wanke shi tas, ki ɗora a tsakiyar toshiyar ki dinga murɗawa da sukuddireba a miƙe kar ya karkace, har sai saura kamar santimita 2 a waje. Tunda taki ta riga ta fara marmashewa ki tabbata ya shiga can ciki inda take da ƙwari. Sai ki saƙala bayan hama, wajen da ake cire ƙusa, a ƙarƙashin kan sukurun, ko filaya, ki ja a hankali kina ɗan girgizawa. Za ki ji ta yi ƙara kaɗan kaɗan tana fitowa, kar ki fizga.

In babu kayan aikin to ki tura ta ciki kawai da kotar cokalin katako, kwalbar na tsaye a kan tebur, ki rufa tawul a kai dan wain ɗin kan fantsamo. Ɓarɓashin da ya faɗa sai ki tace da rariya, ba ya cutarwa.

Akwai masu saka gindin kwalba a takalmi su dinga buga wa bango, wasu kuma su kunna laita a wuyanta. Yana yi wani lokacin amma wallahi ba na ba kowa shawarar su, gilashi na iya fashewa a hannu.

Sai ki duba, in toshiyar mai kan laima ce da waya ɗaure a kanta to wain mai gas ce, iskar da ke ciki ta ninka ta tayar mota fiye da sau 2, kar ki sa mata sukuru sam. Ki sanyaya ta, ki kwance wayar babban yatsanki na danne da toshiyar, ki kawar da bakin daga fuskar kowa, ki riƙe toshiyar da tawul ki murɗa kwalbar a hankali, da kanta za ta fito.