Ga mai goyo da ciki: kada ki yi wa yaron yayen gaggawa

Assalamu alaikum. Wannan amsa ce ga 'yar'uwarmu ta unguwar Mabera a Sakkwato da ta ce yaronta yana da shekara ɗaya da wata biyar, yana shan nono, sai ga ciki na wata uku. Ta ce jiki ya mutu, yaro ya ƙara ƙiwa, uwar miji ta ce a cire shi daga nono yau-yau a kai shi ƙauye, ita kuma kunya ta hana ta fara zuwa awo don kada a ce ta yi kwanika.

Sannu 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Na karanta saƙonki sau biyu, domin hanyar da kike kai na bi ta da ƙafata, kuma akwai inda na yi tuntuɓe, ba na so ke ma ki yi.

Nawa yaron, ɗan fari, yana da wata goma sha shida na gane ina da ciki, a farkon shekarar 2023. Ni ba uwar miji ce ta matsa mini ba, Innata ce da ta haife ni. Da na gaya mata sai ta riƙe baki ta ce, "Ke ɗiyar ga, nonon ciki zawo shi ka sa yaro. Kawo shi nan ki aje, in ya kwan bakwai ya mance." Ban yi musu ba. Ranar Juma'a muka ɗauke shi zuwa Boɗinga, aka karɓo rubutun yaye, aka dama kunu, na faki idonsa yana wasa da 'yan awaki na sulale na shiga mota. Har yau ina ganin ɗan takalminsa guda ɗaya da na tarar a jakata bayan na iso gida.

Kwana huɗu aka kira ni. Ya ƙi kunu, ya ƙi tuwo, ruwa kawai yake karɓa, ga gudawa. Da na je na same shi kwance a kan tabarma, ido ya faɗa, ya kalle ni bai ko miƙo hannu ba. Wannan kallon ya fi mini kukansa ciwo. Ni kuma a gida nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, har da zazzaɓi. Washegari na kai shi asibiti, aka ba shi ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinc ta kwana goma. Wata malamar asibiti, babbar mace mai sanyin magana, ta tambaye ni abin da ya faru. Da na gama ba ta labari sai ta ce mini nonon mai ciki ba ya lalacewa, ba ya zama guba. Ta ce abin da ke kayar da yaran shi ne a rana ɗaya a raba su da nono, a raba su da uwa, a canza musu gida da ruwan sha da abinci, sannan idan suka kwanta a ce nonon ciki ne. A wurin, a kan bencin asibiti, na mayar da shi nono.

Iyayenmu ba mugunta suke yi ba, abin da suka taras ke nan, kuma sun ga yara da yawa sun rame bayan uwa ta sami ciki. Ramar gaskiya ce, dalilin ne aka ɗora a inda ba nan ba. Nono yana raguwa idan ciki ya kai wata huɗu zuwa biyar, ɗanɗanonsa ma yana canzawa. Yaron da dama nono ne rabin abincinsa, idan ba a ƙara masa abinci ba dole ya rame. To maganin ba cire nonon ba ne, ƙara abincin ne. Ni abin da na yi, na bar masa nonon dare da na asuba, da rana kuma idan ya zo yana jan riga sai in ba shi kunun gyaɗa mai kauri, ko faten wake da manja, ko dafaffen ƙwai, ko ayaba. Ƙaramin kwano na ware masa shi kaɗai, ban ƙara haɗa shi da yaran maƙwabta a kwano ɗaya ba, don ba ka sanin abin da ya ci a cikin taro. Sau biyar a rana, kaɗan-kaɗan. Da cikin ya shiga wata na shida, wata rana ya kama ya tsotsa sau biyu, ya yatsina fuska ya sauka ya tafi wasansa. Shi ke nan yayen. Babu maɗaci, babu kuka.

Amma ki faɗa wa ma'aikatan awo cewa kina shayarwa. Idan kina ganin jini, ko kin taɓa yin ɓari ko haihuwar bakwaini, ko an ce tagwaye ne, ko shayarwar tana tayar miki da ciwon mara mai ƙarfi, to nan suna iya cewa ki daina, kuma ki bi maganarsu. Ko a hakan a hankali ake janyewa, a cikin gida, yana ganin ki.

Uwar mijinki kuma kada ki yi fito-na-fito da ita. Maigida za ki samu cikin dare ki yi masa bayani, shi ya san ta inda zai shiga wa mahaifiyarsa. Idan da hali ku je awo tare da ita, ta ji daga bakin malaman asibiti. Ni abin da ya kwantar da hankalin Inna shi ne da ƙanen babana, wanda yake da karatu, ya gaya mata cewa a cikin Sahihu Muslim Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar hana gila, wadda malamai suka fassara da kusantar mace mai shayarwa ko shayar da yaro alhali da ciki, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, sai bai hana ba. Daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba.

Batun kunyar kwanika, 'yar'uwa, da aurenki kika yi cikinki. Masu magana za su yi ta kwana biyu su koma kan wata. Amma jinin da kika rasa saboda kin ƙi zuwa awo babu wadda za ta ara miki nata. Kuma ki sani mai ciki a kan goyo ta fi kowa buƙatar awo, domin jiki bai gama mayar da abin da ya kashe a haihuwar farko ba, ga shayarwa, ga sabon ciki, mutum uku ke ci daga jiki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa. Ki je asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, ko na Maryam Abacha, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, duk wanda ya fi miki sauƙi, amma ki je cikin makon nan. Za a auna jininki da hawan jini, a yi miki allurar tetanus, a ba ki ƙwayar ƙarin jini. Ƙwayar nan tana sa bayan gida ya yi baƙi, wani lokaci ya yi tauri, ba wani abu ba ne, kada ki watsar. Kada dai ki kora ta da shayi, yana hana jiki ɗaukar ta. Ni da daddare nake sha da ruwa ko lemun zaƙi, tashin zuciyar ya fi sauƙi. Akwai kuma Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake fara bayarwa bayan ciki ya wuce wata uku, wata-wata, aƙalla sau uku. A asibiti za ki karɓa, ba a kemis da ra'ayin kanki ba.

Tunda za ki je, ki ɗauki katin rigakafin yaron. Akwai allurar ƙyanda ta biyu a wata goma sha biyar, da yawanmu muna mantawa da ita idan ciki ya zo. Idan damina ta kama kuma masu rabon maganin zazzaɓi na yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar suka shigo gida, ki karɓa ki ba shi har na kwana ukun. Jinyar yaro da tsohon ciki abu ne da ba na yi wa kowa fatansa. Ku kwana cikin gidan sauro ku biyun, ko da a tsakar gida kuka yi shimfiɗa saboda zafi.

Zafin kuwa sai wanda ya yi ciki a Sakkwato cikin bazara ya san shi. Azumin 2023 ya faɗo ƙarshen Maris zuwa Afrilu, rana tana haura digiri 40, ga ba wuta. Na yi kwana uku ina azumi, a na huɗu ina tsaye ina wanke kwanuka sai na ga tsakar gida tana juyawa, na dafa randa na zauna a ƙasa, yaron yana tsaye a kaina yana kuka. Na sha ruwa, na ajiye sauran, na rama bayan na haihu. Addini ya yi wa mai ciki da mai shayarwa rangwame idan suna tsoron cutuwa, ki tambayi malami yadda ramuwar take a halinki. Daga nan na sauya tsarin yinina gaba ɗaya. Duk aikin ƙarfi, shara da wanki da ɗora sanwa, daga sallar asuba zuwa ƙarfe tara. Abincin rana da na dare tukunya ɗaya. Daga azahar zuwa la'asar in jiƙa zani in shimfiɗa, in rufe ƙofa, mu kwanta ni da shi. Idan ya yi barci ni ma barci, ba wanke-wanke ba. Kwanukan suna nan, ba inda za su.

Abin da ya fi ba ni mamaki a ciki na biyu shi ne shirun mutane. A na fari kowa tambaya yake me kike marmari, aka zo aka ɗauke ni goyon ciki tun wata bakwai, ko tsintsiya ba a bari in taɓa. A na biyu an ɗauka kin zama gwana. Ba wanda zai ce sannu sai kin faɗi. Na daɗe ina jin haushin maigida a zuci, ina jira ya gani da idonsa, shi kuwa ya fita kasuwa tun safe sai magariba, ya dawo ya tarar da tuwo a kwano, a wurinsa komai lafiya. Ranar da na buɗe baki ban ce masa "na gaji" ba, don wannan ya sha ji. Na ce masa abu uku nake so: ya riƙa biyan mai ruwa ya cika randuna da duro don in daina ɗaga bokiti, ya riƙa yi wa yaron wankan safe kafin ya fita, bayan isha'i kuma ya ɗauke shi su zauna ƙofar gida awa ɗaya. Duka ukun ya yi. Namiji idan kika ce ya taimaka bai san ta ina zai kama ba, idan kika ce ga aikin, sau da yawa zai yi. Wankan safen nan ma shi ya sa yaron ya shaƙu da babansa, ranar da na tafi haihuwa bai yi rigima ba. Ƙanwata kuma ta riƙa zuwa Asabar da Lahadi tana yi mini wanki da kai niƙa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ki kira 'yan'uwanki da suna ki ce ga ranar da kike so.

Ƙiwar da kika ce ya ƙara, haka suke yi. Ya ji nono ya ragu, ya ga uwa ta daina wasa, bai san dalili ba, sai ya manne. Nawa har ya koma fitsari a wando bayan ya fara zama a fo. Akwai ranar da na kai masa hannu don ya zubar da miyar da na sha wuya na kaɗa, ya yi kuka har ya yi barci yana ajiyar zuciya, na zauna kusa da shi ni ma ina hawaye. Ban sake ba. Idan na ji zuciya ta taso sai in miƙa shi ga maƙwabciya in shiga ɗaki minti goma. Goyonsa a baya kuwa na ci gaba da yi har ciki ya kai wata biyar, daga nan bayana ya ƙi. Sai na koma zama a tabarma in ce ya zo ya hau cinya da kansa. Idan dole sai kin ɗaga shi, ki durƙusa ki rungumo shi sannan ki miƙe, kada ki sunkuya. Da cikin ya fito na riƙa ɗora hannunsa a kai ina ce masa ƙanensa na ciki. Wata biyu kafin haihuwa na mayar da shi kwana a 'yar katifarsa gefen gado, don kada ya ga ranar da jariri ya zo ita ce ranar da aka kore shi.

Tun yanzu ki fara tara na haihuwa, ko adashi ne ki shiga wanda kwasarki za ta faɗo wata na takwas. Ku tsayar da wanda zai kwana da yaron ranar naƙuda, kuma ya zama wanda ya saba da shi, ya riƙa zuwa tun kafin lokacin. Ku ajiye lambar mai keke napep ko maƙwabci mai mota da zai ɗaga waya cikin dare, da ɗan'uwa da zai iya ba da jini idan an buƙata. Naƙuda ta biyu takan fi ta fari sauri. Ni na tsaya ina cewa bari gari ya waye, muna isa asibiti ko awa ɗaya ban yi ba na haihu. Idan kuma kika ga jini, ko ruwa ya fashe kafin lokaci, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko zazzaɓi mai zafi, ko motsin ɗan ya ragu, kada ki jira maigida ya dawo daga kasuwa. Ki miƙa yaron maƙwabta ki tafi, a kira shi a waya ya same ki can.

Ranar da aka sallamo ni, na ba ƙanwata jaririyar ta riƙe kafin mu shiga gida, na shiga hannu sake. Ya rugo ya rungume ƙafata, na zauna na ɗora shi a cinya ya gama ɗokinsa, sannan aka kawo ta aka ce ga ƙanwarka. Ya leƙa fuskarta, ya taɓa ƙafarta da yatsa ɗaya, ya tashi ya ɗauko ɗan kwanonsa na kunu ya ajiye kusa da ita.

Idan kin je awon ki dawo ki gaya mana nawa aka ce jininki yake. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya mana su.