Ina tsoron kwana a tanti a kan tsauni, in tafi da ƙwayar barci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Nan da wata biyu ni da abokan aikina za mu je hawan tsaunin Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, kwana shida, kuma a tanti za mu riƙa kwana. Ni kuwa ina tsoron duhu da ƙuntataccen wuri. Sau ɗaya na taɓa kwana a tanti, tsakar dare na farka zuciyata na dukan uku-uku, numfashi na sarƙe min, na ɗauka tafiya ce ta zo. Wata ƙawata ta ce in tafi da Valium, wato ƙwayar sa barci da kwantar da hankali, in kuma sayi ɗan rishon gas in kunna a ciki in zuge tantin ruf, wai ɗumi da haske za su kwantar min da hankali. Wanda ya shirya tafiyar kuma ya ce duk abin da na ji a can tsoro ne kawai, in daure. Kunya ta hana ni janyewa. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ga dukkan alamu abin da ya same ki a wancan dare firgici ne na farat ɗaya. Yakan taso kamar guguwa, ya kai maƙura cikin minti 10, ya lafa da kansa kafin rabin awa, kuma ba ya kashe mai lafiyar zuciya. Kasa barci a baƙon wuri ma ba ragwanta ba ce. A 2016 masu bincike a jami'ar Brown ta Amurka sun nuna cewa a daren farko a sabon wuri, ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ba ya nisa cikin barci, gadi yake yi, motsi kaɗan ya tashe ki. Masu zuba kuɗi su kwana a otal ɗin ƙanƙara na arewacin Suwidin, inda sanyin ɗaki yake digiri 5 ƙasa da sifili, ko a ɗakunan nan da aka maƙala a jikin dutse a Peru mita 400 daga ƙasa, su ma suna iya kwana suna juyi. Tsoro na daji, kunya na gida. Kin ji shi a muhallinsa.

Abin da ya ɗaga min hankali a wasiƙarki shawarwarin da aka ba ki ne. Biyu daga ciki suna iya kashe ki, ta ukun kuma ita ce za ta hana ki kuɓuta idan abin ya fara.

Bari in tsaya a kan rishon nan, don na gaji da maimaita maganarsa. Duk abin da ke ci da wuta, gas ne, kananzir, gawayi ko janareto, idan iska ba ta ishe shi ba yana fitar da gubar kabon monoksayid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari ko hawaye. Mutane suna ɗauka tunda ba su ga hayaƙi ba lafiya lau, alhali garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi, har wanda toka ta rufe ake ganin ya mutu, yana ci gaba da fitar da ita shiru. Idan ta shiga jini, tana kama wurin zaman oksijin da ƙarfin da ya ninka nasa fiye da sau 200, ta ƙi saki. To ki haɗa wannan da tsauni, inda dama oksijin ɗin ya yi ƙaranci, wutar ma ba ta ci sosai, ga tukunya mai sanyi an ɗora a kai tana daƙile harshenta. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Sai wani ya ce ai tanti yadi ne, iska na ratsa shi. Ba haka ba ne. An yi shi ne don ya tare ruwa da iska, kuma idan raɓa ta daskare a kansa ko dusar ƙanƙara ta toshe gindinsa, ya zama leda. Wani ya ce minti biyar kawai zai kunna ya kashe. Wa zai kashe, bayan aikin gubar na farko shi ne ta kashe miki jiki ta dagula tunani? Mutum yana jin kansa na sarawa, yana kallon zik ɗin tanti taku ɗaya daga inda yake, ya ce bari in ɗan kwanta tukuna. Richard Byrd, gogaggen mai binciken Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke can kudancin duniya, a 1934 ya yi watanni shi kaɗai a wata bukka cikin ƙanƙara, gubar murhu da injinsa ta kusa aika shi lahira. A Disambar 2024 mutum 12 aka tarar sun mutu a ɗakunan kwanansu a Gudauri, wurin wasan ƙanƙara na ƙasar Jojiya, bayan an kunna janareto a ciki da wuta ta ɗauke. Ba kura ba ce ta cinye su, kuma da wuya a ce akwai wanda ya kwanta da fargaba a cikinsu.

Na taɓa leƙa tantin wasu samari biyu da asuba a wani sansani, don sun makara. Rishon na tsakiya, harshensa ya koma ruwan ɗorawa, butar shayi a kai, gumi na ɗiga daga rufin tantin. Ɗaya ya yi amai a cikin takalminsa, ɗayan yana ta ƙoƙarin ɗaure igiyar nasa ya kasa, yana min murmushi wai tsauni ne ke gaishe su. Jagoransu ya maƙala musu na'urar auna oksijin ta yatsa, ta nuna lamba mai kyau, ya ce ba komai. Nan ne raina ya ɓaci. Wannan na'ura ba ta bambanta jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda guba ta kama, duka lafiya take gani. Muka jawo su waje muka sa musu oksijin, suka sha da ƙyar. Kuma fitowa waje ba ta gama magana ba, domin a iskar gari sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya bar jini, shi ya sa duk wanda ya kai ga ruɗewa ko suma asibiti ne nasa ko da ya ce ya warware.

Idan ɗumi kike so, ki nemi jakar barci mai kauri, katifar da za ta raba ki da ƙasa, hula, da gorar ruwan zafi a cikin safa ki sa a ƙafafunki. Haske kuma tocilar goshi. Kofofin iskar da ke saman tanti a buɗe za su kwana komai sanyi.

Valium kuwa ki bar shi a gida, shi da duk abin da ke sa maye. A sama da mita 3,000 numfashin mai barci yakan yi sauri, ya tsaya na 'yan daƙiƙoƙi, ya dawo da ƙarfi. Kusan kowa yana yi, kuma na san zai yi miki kama da wancan daren, don haka nake gaya miki tun yanzu: za ki farka kina haki, ki zauna, cikin minti biyu ya wuce. Ƙwayar da ke danne numfashi ita ce abu na ƙarshe da jiki ke buƙata a wannan hali. Maganin da ke rage wannan tsaye-tsayen shi ne Diamox, wanda kuma ke taimaka wa jiki ya saba da tudu, amma likitan da ya san tarihinki ne zai rubuta miki, ba ƙawa ba.

Saura mai cewa ki daure. Irinsu sun cika intanet, kowa ya hau dutse sau biyu ya zama malamin jarumta. Firgici yana zuwa da faɗuwar gaba, rawar jiki, tafin hannu na gumi, amma hankalinki na nan, kuma yana sauka idan kin zauna kin tsawaita fitar da numfashi. Ciwon kan da ya ƙi jin magani, amai, tafiya da tangaɗi, magana ba kan gado, haki alhali kina zaune, tari mai kumfa, waɗannan ba tsoro ba ne. Ko dai guba ce, musamman idan ke da abokiyar kwananki kuka kamu lokaci ɗaya kuma kuka ji sauƙi a waje, ko kuma ciwon tsauni ne ya kai ga kumburin ƙwaƙwalwa ko ruwa a huhu. Maganin wannan sauka ƙasa ne a cikin daren, ba a jira gari ya waye, ba a kuma barin mutum shi kaɗai.

Shi tsoron naki, wata biyu sun isa a rage masa kaifi. Ki ari tanti ki kafa a gida, ki fara da zaman minti 15 da rana ƙofa a buɗe, ki riƙa ƙarawa har ki kwana a ciki sau uku ko huɗu. Idan firgicin ya taso ki zauna daram har ya sauka, don fita da gudu ita ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa da ma akwai haɗari. A can kuma ki kwanta kanki na wajen ƙofa, kada ki zuge jakar barcin har wuya, ki gaya wa abokiyar kwananki halin da kike ciki tun kafin dare. Idan kin gwada abin ya faskara, masanin halayyar ɗan'adam zai bi da ke mataki-mataki.

Ki kuma koma wurin mai shirya tafiyar. Tsaunin nan mita 5,895 ne, sansanin Barafu da ake kwana kafin hawan ƙarshe ya haura mita 4,600, kuma kwana shida gaggawa ce ga wadda ba ta taɓa hawa ba. Ki nemi a mayar da shi bakwai ko takwas. Idan tantin ne ba ki so, hanyar hawan tsaunin da ake kira Marangu bukkoki gare ta, da gadaje da tagogi. Ki tambaye shi ko suna tafe da tukunyar oksijin, da kuma wanda zai sauko da ke idan kika fara tangaɗi da ƙarfe biyun dare. Idan ya sake ce miki daurewa ce, ki karɓi kuɗinki ki nemi wani.