Injin tausa na lantarki mai bin sautin waya: amsoshin tambayoyinku

Wani tela daga Aboabo a Kumasi ya rubuto: "Salamu alaikum. Zaman keke ya sa min ciwon baya, na shiga Adum na ga injin nan TENS da ake mannawa a jiki yana ɗan fizgar nama. Kala biyu ne, ɗaya na haka kawai, ɗayan ana jona shi da waya yana bin sautin da ka kunna amma ya fi tsada. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam maigida, Allah ya ƙara sauƙi. In dai don bayan ne, ɗauki na haka kawai ka ajiye sauran sidinka ka sayi zare. Aikin TENS shi ne ya riƙa tura ƙananan bugun wuta ta fata, yawanci daga 2 zuwa wajen 150 a daƙiƙa, kuma tushen abin bayanin masana biyu, Melzack da Wall, ne na 1965, cewa in aka motsa jijiyoyin taɓawa saƙon zafi yana raguwa tun a laka kafin ya kai ƙwaƙwalwa. To wannan bugu daidaitacce yake so, shi kuwa sauti hawa da sauka ne, ba wani magani da zai ƙara maka. Abin da za ka duba: ya zama na batir, kowace igiya da makunninta, in ka kunna ya fara daga sifili, kuma ana samun facinsa, wato abin da ake mannawa a fata, a kasuwa don gam ɗinsu na mutuwa. Ka tambayi mai shagon rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna. Sannan ka leƙa wajen fisiyo, masu gyaran jiki da tausa da motsa jiki, a asibitin Komfo Anokye, don injin rage zafi yake yi na ɗan lokaci, bai gyara abin da kujerarka ke ɓatawa.

Wata 'yar'uwa daga Asawase kuma ta ce: "Ni na riga na saya mai sautin, an turo min daga waje. Ina cikin jin daɗinsa a kafaɗa sai ya fizge ni kamar an mare ni, har na cire na wurgar. Ya lalace ne?"

Hajiya sannu, da wuya in lalacewa ne. Abin da mutane ba su lura da shi ba, in injin yana bin sauti to ƙarfin wutar a hannu biyu yake, voliyum ɗin waya da makunnin injin, kamar famfo biyu a kan bututu ɗaya, kuma ga na uku da ba kya gani wato ƙarfin da aka ɗauki fayil ɗin da shi, don wani fayil a hankali yake wani kuma da tsawa, har cikin fayil ɗaya ma farko kan yi sanyi tsakiya ya ɗauki zafi. Sai ki ga mutum ya ji shiru a farko ya murɗa makunni, fata kuma ta saba ya ƙara murɗawa, wurin mai ƙarfi na zuwa shi kenan. Ko kira ya shigo, ko saƙo, ko fayil na gaba ya kunna kansa, duk ta igiya ɗaya suke bi su shiga jiki.

Ga yadda za ki yi. Sa wayar a yanayin jirgi, ki kashe ƙararrawa da abin ƙara bes, wato sauti mai kauri, da kunna na gaba da kansa. Tsayar da voliyum ɗin waya wuri ɗaya, misali rabi, kar ki sake taɓa shi. Makunnin injin a sifili, ki matsa fayil ɗin zuwa inda ya fi ƙara, a nan za ki hau a hankali har ki ji motsi mai ƙarfi amma ba zafi, ki tsaya, sannan ki mayar farko. In farkon ya yi miki sanyi ki haƙura da shi. Duk sabon fayil a koma sifili, haka ma kafin cire faci ko jona waya. Kuma don Allah kar a haɗa da wayar da ke kan caja, na san halinmu da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, wuta na dawowa kowa sai ya cusa caja, amma ba lokacin da igiya ke manne a jikinki ba. In kin ji yana cizo wuri ɗaya, facin ne ya bushe ko ya ɗaga, wutar ta taru a ɗan wuri, canza shi.

Tunda kafaɗa kika ce, facin biyu su zauna gefe ɗaya, kar ɗaya gaba ɗaya baya wutar ta ratsa ƙirji. Ban da gaban wuya, ban da kai, ban da kan ciwo. Mai na'urar bugun zuciya a jiki kar ya taɓa, mai farfaɗiya da mai juna biyu sai da izinin likita.

Akwai kuma yaro mai gyaran rediyo da ya tambaya ko zai iya jona facin kai tsaye da amfilifaya ya huta da saye. A'a ɗana. Amfilifaya don sipika aka yi shi, ba shi da abin da ke taƙaita wutar da za ta shiga mutum, yana jone da wutar gida ta 230, kuma bes yana yawo ne kusa da bugu 50 a daƙiƙa, daidai inda wuta ta fi rikita zuciya. Kar ka gwada a jikinka, kar ka gwada a jikin abokinka.